Hanyar da Ta Bi ta Kan Kakana

Aikina awon ƙasa ne. Kafin a zuba kwalta ko a kafa gada, ni da ire-irena muke fita da na'urarmu mai ƙafa uku mu ce ga inda hanya za ta bi. Ina cikin shekarata ta shida a Doha da wannan aiki annobar korona ta sauka. Kamfaninmu na cikin masu shimfiɗa hanyoyin da za su kai 'yan kallo filayen ƙwallo, saboda haka ko da aka rufe kasuwanni da masallatai, mu ba a tsayar da mu ba. Kullum sai in ɗaura takunkumi in fita, in dawo gidan da muke haya a Madinat Khalifa, matata ta tsayar da ni a bakin ƙofa sai na cire kayan jikina kafin yara su matso.

Wata Juma'a, bayan mun yi azahar a falo tunda babu zuwa masallaci, yayana ya turo mini hoto daga gida. Turke ne na katako a kafe cikin ciyawa, an shafa masa jan fenti a kai. A bayansa ga bangon tsohon cocin ƙauyenmu. Ban jira bayani ba, na kira shi.

"Yaya, su wa suka kafa wannan?"

"Masu hanya. Jiya suka zo da irin na'urarka. Sun ce za a haɗa mu da babban titi."

"Turakun nawa ne, kuma ina suka nufa?"

"Ban ƙirga ba. Daga rafi suka taso, suka bi ta gefen coci, suka ratsa maƙabarta, suka fita ta gonar Dagaci. Na ce bari in nuna maka tunda kai ka san karatunsu."

Na san karatunsu kuwa. Turke mai jan kai tsakiyar hanya yake nunawa.

Ƙauyenmu ba tsohon gari ba ne mai ganuwa da tarihin yaƙi. Asalinsa zangon kutare ne. Turawan mishan suka buɗe wurin shan magani a bakin rafi tun zamanin mulkin mallaka, masu cutar suka riƙa zuwa daga ko'ina. Wasu suka warke suka koma, wasu suka warke amma danginsu suka ƙi karɓarsu, sai suka kafa bukkoki a nan suka yi aure a tsakaninsu. Kakana na wajen uba yana cikinsu. Na taso na same shi ba shi da yatsu sai babba ɗaya a hannun dama, da shi yake jan carbi. Mishan sun gina ɗan coci na dutse da laka, wanda ba zai ci mutum hamsin ba. Wasu suka shiga addininsu, mafi yawa suka tsaya a Musuluncinsu, kakana ma har limanci ya yi wa 'yan uwansa a ƙarƙashin rumfa. Mutanen gari kuwa ba su yarda a binne kuturu a maƙabartarsu ba, ko Musulmi ko Kirista. Shi ya sa aka share fili a bayan cocin, kowa ya mutu nan ake kai shi.

Ban taɓa alfahari da wannan ba. A makarantar kwana idan aka tambaye ni garinmu, sunan babban garin da ke kusa nake faɗa. Da na je neman aure aka zo binciken asali, na kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba, sai Allah ya sa surukina ma'aikacin lafiya ne, ya ce wa 'yan uwansa kuturta ba a gadonta. Cocin kuwa tun ina firamare iska ta yaye kwanonsa. Kiristocin ƙauyen suka riƙa komawa gari ɗaya bayan ɗaya, suka gina sabo a can. Cediya ta tsiro a jikin bango ta tsaga shi, awaki suka mayar da cikinsa wurin shan inuwa. An daɗe da daina binne kowa a bayansa, mahaifinmu ma a sabuwar maƙabarta yake.

Mutum ɗaya ne bai bar wurin ba, wani dattijo Kirista sa'an mahaifinmu, da dukanmu muke kira Baba. A zangon aka haife shi, mahaifiyarsa ce mai cutar, shi bai ɗauka ba. Da yake yana da yatsunsa goma a cikin mutanen da ba su iya riƙe fartanya da kyau, tun yana saurayi shi ne mai haƙa kabari. Musulmi su yi wa nasu wanka da salla, shi ya haƙa. Babu allo, babu rubutu a kan kowane kabari, sai tsingaron tukunya ko dutse. Duk wanda ke kwance a wurin, a kan Baba sunansa yake.

Na roƙi Yaya ya samo mini taswirar aikin. Ya yi sati biyu yana sintiri kafin wani ya bar shi ya ɗauki hotonta da waya. Na buɗe ta a kwamfutata a kan teburin cin abinci. Ban ɗauki rabin sa'a ba na ga mafita. Idan aka fara lanƙwasa hanyar tun daga bakin rafi, aka matsar da ita gabas kamar taku sittin, za ta wuce cocin da kaburburan gaba ɗaya. Ƙarin kwalbati ɗaya kawai za a yi. Na zana shi tsaf, na rubuta wasiƙa mai ladabi, na tura wa Yaya ya buga ya kai ofishin da ke da aikin. Aka karɓa aka buga hatimi. Har yau ba a ba da amsa ba.

Daga baya na samu lambar injiniyan ɗan kwangilar. Matashi ne, daga muryarsa na gane, kuma ya girmama ni.

"Yallaɓai, na ga zanenka, kuma wallahi ya fi namu kyau. Amma an riga an sa hannu a wancan. Idan na matsa gabas na shiga gonakin da ba a yi maganarsu ba, sai an sake komai daga farko. Ni abin da aka ba ni nake bi."

"Akwai mutane a kwance a wurin," na ce.

"Na sani, yallaɓai. An gaya mana tsohuwar maƙabarta ce, ba mai zuwa."

Ni ma na sha gaya wa mutane cewa abin da aka ba ni nake bi.

Na so in tafi gida da kaina in zauna da Dagaci da Hakimi. Amma a lokacin wanda duk ya fita daga ƙasar sai da takardar izini ta musamman yake dawowa. Abokan aikina biyu sun je hutu kafin a rufe filin jirgi, suka maƙale a ƙasashensu wata da watanni, ɗaya har aka maye gurbinsa. Ina da yara uku a makaranta. Na zauna.

Sai na kira Inna, mahaifiyarmu, da tunanin ita za ta tsaya mini a gaban dattawa. Ta saurare ni har na gama.

"To, na ji," ta ce. "Ka manta yadda ƙanwarka ta tafi?"

Ban manta ba. Naƙuda ta kama ta da damina, rafi ya cika, mota ba ta shigowa. A amalanke aka ɗauko ta, kafin a kai babban titi rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta.

"Inna, ba cewa na yi kada a yi hanya ba. A ɗan matsar da ita kawai."

"Idan ka tayar da magana suka yi fushi suka kwashe kayansu fa? Shekara nawa muna jira? Kai kana can kana yi wa Larabawa tituna. Waɗanda ke kwance sun riga sun isa inda za su. Malam da yana da rai, da bakinsa zai ce a bi ta kansa."

Malam take ce wa kakana, ba ta taɓa kama sunan surukinta ba. Sannan ta tambaye ni lafiyar yara.

Da na ga ba zan iya tare hanyar ba, sai na ce aƙalla a san su wa ke wurin. Na shirya da Yaya ya ɗauko Baba su zaga maƙabartar, ni ina kallo ta waya ina rubutawa. Muka sa ranar Asabar da hantsinsu. Na ajiye motata a inuwar wata gada da muke ginawa, na ɗora littafi a kan sitiyari.

Na tsorata da na gan shi. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, yana dogara sanda, wuyansa ya zama kamar sillen kara. Ya kawo fuskarsa dab da wayar.

"Ɗana, kai ne a cikin wannan abin? An ce kana ƙasar Larabawa. Kana ganin Makka daga nan?"

"Da ɗan nisa, Baba."

"To, Allah ya kai ka. Zo mu je."

Ya fara daga gindin bangon coci. Ya nuna mini yadda ake ganewa: kabarin da ya miƙe kudu da arewa na Musulmi ne, wanda ya miƙe gabas da yamma na Kirista. Ba a raba su da shinge ba, wanda ya riga mutuwa shi ya riga samun wuri. Yana taɓa kowane tudu da sanda yana kiran suna da garin da mutum ya fito. Wannan Bakatsine ne mai saƙar tabarma da ƙafa. Wannan Bafulatana ce da mijinta ya kawo ta a kan jaki ya ce zai dawo bayan kaka. Wannan daga Damagaram ya tako. Waɗannan ƙananan guda huɗu shekarar baƙon dauro ce. Wannan mahaifiyarsa ce, ya tsaya ya cire hula. Sabis yana ɗaukewa yana dawowa. Wani lokaci hoton ya daskare a kan ciyawa, in ya dawo sun riga sun wuce mutum uku. Ina ta cewa, "Yaya, ku koma baya," shi kuma Baba ba ya jin kira idan ya fara.

Da muka zo wajen wata tsamiya sai ya tsaya.

"Kakanka nan yake. Ni na haƙa masa, ƙasar ta yi tauri ranar."

Ya ɗora sandar a kan wani tudu. Sai ya ɗage ta ya ɗora a kan na kusa da shi. Ya sake komawa na farko.

"Wannan ne. A'a, tsaya. Akwai dutse baƙi a wajen kansa."

Babu dutse baƙi a kan ko ɗaya. Ni da Yaya muna yara aka yi jana'izar, ba mu riƙe wurin ba. Baba ya daɗe a tsaye, bakinsa yana motsi. Daga nan ya zauna a ƙasa, ya ce, "Ku yafe mini, 'ya'yana. Kai ya tsufa. Ɗayan biyun nan ne."

Na ce masa babu komai, Allah ya saka masa da alheri. Muka yi alkawarin za mu ƙarasa wani satin, don ko rabin wurin ba mu zaga ba. A littafina akwai sunaye goma sha tara, wasu rabi na ji.

Ba mu ƙarasa ba. Ruwa ya sauka, ciyawa ta rufe wurin, Baba ya kwanta ciwon ƙafa. Masu hanya ma suka ɓace, aka ce annoba ta tsayar da komai. Gara ta cinye turakun. A nan ne laifina yake. Na ɗauka aikin ya bi sahun sauran ayyukan da ake farawa a watsar, hankalina ya kwanta. Da tafiya ta ɗan yi sauƙi a shekara ta gaba, na nemi hutu aka ce aiki ya yi baya, in dakata. Ban matsa ba. A cikin wannan shekarar Baba ya rasu. Ya sha faɗa cewa kusa da mahaifiyarsa yake so, amma 'ya'yansa suka ce ba za su sa shi inda katafila za ta tone shi ba, suka kai shi gari.

A tsakanin nan wani abu ya faru a wurin aikinmu, kudu da garin Wakrah. Direban katafila ya ci karo da wani guntun bango na duwatsun teku, da wasu tuddai a jere. Nan take aka tsayar da aiki aka zagaye wurin da igiya. Wata mata ta zo daga masu kula da kayan tarihi, da hular rana da ɗan buroshi, ta durƙusa tana share ƙasa a hankali. Aka ce tsohon mazaunin masunta ne. Shugabana ya kira ni ya ce in karkatar da layin ya kauce musu. Kwana biyu ya ɗauke ni. Ya duba, ya sa hannu, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Na fito na shiga mota na kunna sanyi, na zauna ban ja ta ba har aka kira la'asar.

Da gasar cin kofin duniya ta matso, aka hana kowa hutu sai an gama. Mu masu awo aikinmu ya ƙare, sai aka raba mana riguna masu walƙiya aka tura mu kula da shingayen da ke karkatar da motoci a kusa da filin wasa na Wakrah. Gari ya cika da baƙi. Ban taɓa ganin Doha haka ba, ko'ina tutoci da ganguna, mutane da fenti a fuska. A satin farko na gasar Yaya ya kira.

"Masu hanya sun dawo. Sun ba mu kwana uku, wanda yake da nasa ya kwashe."

Na je wajen shugabana. Bai yi mini wulaƙanci ba. Ya tambaya ko rasuwa aka yi, na ce a'a, tsofaffin kaburbura ne za a tashe su. Ya dube ni, ya ce in yi haƙuri har a buga wasan ƙarshe, bayan nan in ɗauki wata guda. Ko da ya bar ni, kafin in samu jirgi in isa Kano in hau mota, kwana ukun sun cika.

Yaya ne ya tsaya a kan komai, da limamin ƙauye da wani fasto da ya zo daga gari da mutanensa. Na tura musu hoton shafin littafina, amma sunaye ne ba tare da wuri ba, bai amfane su da komai ba. Suka haƙa inda suka ga tudu. A wasu suka samu ƙasusuwa, a wasu ƙasa ce kawai ta canza launi. Suka yayyanka farin yadi suna naɗe abin da suka samu. Suka haƙa dogon rami biyu a can gefen gonar Dagaci, ɗaya na Musulmi, ɗaya na Kirista. Akwai waɗanda ruwa ya daɗe da baje su, ba a gane inda suka fuskanta ba. Yaya ya ce an ɗan yi gardama a kansu, sai liman ya ce a haƙa na uku a tsakiya, Allah ya san bayinsa. Biyun nan na gindin tsamiya, Yaya ya kwashe su duka da hannunsa ya jera su kusa da juna.

Rana ta uku, da yammacinmu, ina tsaye a bakin shinge ina nuna wa manyan motocin 'yan kallo hanya, ya kira ni da bidiyo. Katafila tana tsaye a gaban cocin.

"Za su ture shi yanzu. Akwai abin da kake so in ɗauko?"

Wata tawaga ta magoya baya tana wucewa ta gabana da ganguna, da ƙyar nake jin sa. Wani ɗan sanda yana ɗaga mini hannu yana cewa, "Yalla, yalla," wato in yi sauri, don wata bas ta tsaya tana jira in buɗe mata. Na yi ta tunanin me ke cikin cocin. Babu ƙofa, babu taga, babu benci.

"Ban sani ba, Yaya," na ce. "Bari in buɗe wa mota."

Na sa wayar a aljihu na ja shingen. Bas shida suka wuce a jere. Da na ciro ta kiran ya yanke. Ya turo hoto daga baya: tulin duwatsu da cediyar a kwance, saiwoyinta a sama. Ya rubuta cewa sau biyu kawai katafilar ta tura shi ya zube. Duwatsun kuwa, da su aka cike gefen kwalbati.

Bayan an gama gasar na samu hutuna. Yaya ya ɗauko ni daga tasha a motarsa. Hanyar ta yi kyau, ba zan yi mata ƙarya ba, an daddaɓe ta yadda ya kamata, ruwa ba zai kwanta a kanta ba. Tafiyar da muke yi a awa biyu da rani muka yi ta a minti ashirin. Ya gaya mini satin da ya wuce jinin Inna ya hau, kafin a ce me sun kai ta asibiti. Da muka haye rafi na ce ya tsaya. Na fita na tsaya a gefen kwalta ina dube-dube. An sare tsamiyar, an ɗaga ƙasar wurin ta fi da tsawo. Ni da nake auna ƙasa shekara ashirin, na kasa cewa ga inda bangon yake. Wata tirela ta danna mini oda, na ja baya.

Muka taka zuwa ramukan uku. Dogayen tuddai ne na jar ƙasa, babu komai a kansu. Muka yi addu'a a kan na Musulmi, sannan muka ɗan tsaya a kan sauran biyun. Na lura sawun shanu ya bi ta kan na tsakiya, kuma mai gonar ya ja kunyarsa har dab da gefen. Na ce wa Yaya ya kamata a kewaye wurin ko da da ƙaya ce kafin damina. Ya ce in Allah ya yarda zai sa a yi.

Na koma Doha bayan wata guda. Sau biyu na tambaye shi maganar shingen. Na farko ya ce ana jiran Dagaci ya nuna iyaka. Na biyu ya ce ruwa ya riga ya sauka, kowa yana gona, sai dai bayan kaka.